Sayen fili kusa da kogin Ngadda bayan ambaliyar Alau

Malam, ka tambaya ko ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 tsautsayi ce ta sau ɗaya, don kana son sayen fili kusa da kogin Ngadda. Ba ita ce ta farko ba. A 1994 ma ruwan madatsar Alau, wadda ke kan kogin Ngadda, ya mamaye garin. Ta 2024 cikin dare ta zo, ta cinye unguwar Gwange, ta shiga Kasuwar Monday har da gidan namun daji.

Kafin ka biya, zagaya unguwar. Dubi shatin laka a jikin katangu, ka tambayi dattawa inda ruwa ya tsaya. Arahar fili ce ke yawan ruɗar mutane, su gina kan hanyar ruwa. Maganar tsayin tushen gini kuwa, kada ka bar wa magini kaɗai, nemi injiniya ya duba wurin.