An ƙwace min WhatsApp, yaya zan dawo da shi?

'Yar uwa, kin ce wani ya kira ki da sunan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ya ce ki karanto masa lambobin da suka shigo wayarki, kina gama karantowa WhatsApp ya kore ki. Haka aka yi wa ƙanwata bara. Lambobi shidan nan su ne mukullin asusun gaba ɗaya.

Tunda layin na hannunki, sake shigar da lambarki a WhatsApp. Za su turo sababbin lambobi ta tes, kina sakawa ɓarawon ya fita. In ya riga ya kafa PIN nasa, wato lambar sirri ta ƙarin tsaro a WhatsApp, sai kin haƙura kwana 7, amma shi ma yana waje. Da kin shiga ki kafa naki.

Kafin komai, buga wa dangi waya. Mu muna can muna jajantawa, gogan yana roƙon kuɗi da sunan ƙanwata, har gwaggonmu ta tura masa na cefane.

Kada ki biya masu cewa za su dawo miki da shi. Wanda ya tura kuɗi ya garzaya banki yau. In layin kansa ya ɗauke, sai ofishin kamfanin layin, ki riƙe NIN ɗinki.