Filin Masu Fatsa: Ku Tambaya Mu Warware

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan watan sun yi yawa, kuma kusan rabinsu tambaya ɗaya ce, wai wace sanda zan saya. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya: Salam Malam. Ni ma'aikaci ne ina zaune a Ɗorayi, ranar Asabar bana komai sai kwanciya da danna waya. Inaso in fara zuwa fatsa irin yadda nake gani a YouTube amma ban san inda zan dosa ba, kuma abokina yace wai sai nayi odar sanda mai injin naɗe zare daga waje. Dan Allah ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ajiye maganar oda tukunna, kuɗin nan ka riƙe su na mota da na mai rakiya. Gora mai tsawon mita uku zuwa huɗu, zaren roba lamba 0.30 (kaurinsa ke nan a milimita), ƙugiya lamba 10 ko 12, 'yar dalma ƙarama, da guntun tsohon silifas da za ka ɗaura ya riƙa yawo saman ruwa yana nuna maka an taɓa koto, shikenan ka haɗa kayan karfasa. Ka lura lambar ƙugiya a juye take, in lamba ta ƙaru ƙugiyar ƙanƙancewa take yi, sabon shiga da yawa nan suke faɗawa su sayo ƙatuwar ƙugiya su wuni karfasa tana cinye musu koto ba ta kamu ba, don bakinta ƙarami ne.

Wurin zuwa kuwa Kano ba ta rasa ba, Allah ya jiƙan Audu Bako, tsohon gwamnan da ya assasa gina dam-dam a jihar. Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 shi ne babba, kusan kilomita 70 kudu da birni, kuma kafin ka kai akwai Bagauda. Akwai na Challawa a Ƙaraye wanda aka gama a 1992, akwai Thomas wajen Ɗambatta, Watari a Bagwai, ga kuma kogin Wudil in ba ka son nisa. Ni dai ga mai farawa Bagauda ko Wudil nake cewa, don za ka tsaya a gaɓa ka yi abinka ba ruwanka da jirgi.

Amma ga abin da YouTube ba zai faɗa maka ba. Kowane ruwa da masu shi. In ka sauka kada ka wuce kai tsaye ka jefa ƙugiya kamar gonar gidanku, ka tambayi Sarkin Ruwa ko wakilinsa, ka gaisa, ka faɗi abin da ya kawo ka. Su suka san inda aka kafa kalli, wato ragar da ake kafawa a ruwa, da inda aka shimfiɗa mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, su suka san ramuka da inda taɓo ke riƙe ƙafa, kuma sau da yawa za su haɗa ka da yaro ɗan masunta wanda zai nuna maka a wuni ɗaya abin da za ka shekara ba ka gano ba. Ka sallame shi da kyau. Tiga da Challawa suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, bakin ƙofar da ake sakin ruwa ba wurin tsayawa ba ne ko da ka ga kifi na tsalle a wurin.

Lokaci: daga bayan asuba zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya zuwa magariba. Da hunturu kada ka wahalar da kanka da sammako, kifin ma sanyi yake ji ba ya cin koto sosai, ka bari rana ta ɗumama ruwan. In ka yi wata biyu uku kana zuwa ka ga abin ya shiga ranka, to a lokacin ka dawo mu yi maganar sanda mai inji.

Tambaya: Malam ni tarwaɗa nake nema ba karfasa ba, kuma yanzu rani ƙasa ta bushe tana ta ɓace gaba ɗaya. Wani koto zan saka? Daga wani ɗalibi a Kabuga.

Amsa: Tana ba ta ɓace ba ƙanena, ƙasa ta yi. Ka je gindin ayaba a lambu ko inda ake zubar da ruwan wanke-wanke kullum, ka tona za ka same ta. Ka zuba ta a gwangwani da ƙasa mai laima ka ajiye a inuwa. In ta gagara, tarwaɗa ba ta zaɓen koto, da gashin bakin nan nata take bin ƙamshi da wari a cikin duhu, hanjin kaji da hanta da ƙananan kifi da aka yanka duk tana ci. Ka je wajen 'yan kaji a kasuwa, hanjin nan kusan kyauta za su ba ka. Wasu masuntan har sabulu suke yankawa su soka a ƙugiya kuma yana kamawa. Farkon damina in shinge ya fito ka tara, babu kifin da ke wuce shi.

Sai dai ka canja zare zuwa 0.40 ko 0.50, ƙugiya babba, dalma mai nauyi da za ta kai koton ƙasa, don tarwaɗa da ragon ruwa a ƙasa suke kiwo kuma da dare suka fi fitowa. Zaren da ya shekara a rana ka yar, rana tana cinye ƙarfinsa, ranar da babba ya kama ranar zai tsinke.

Tambaya: Ranka ya daɗe. Ina da shago a Kantin Kwari amma ɗan Ƙaraye ne ni, na sayi injin jirgi Yamaha mai doki 15 na hannu na ba ƙanena yana aiki da shi a dam, ranar hutu kuma mu fita fatsa da abokai. Matsalar inji yana zafi yana mutuwa a tsakiyar ruwa, kuma kowa da irin awon baƙin man da yake faɗa mana. Meye gaskiya?

Amsa: Alhaji, ku fara duba fitsarin injin. In an tayar da shi akwai ɗan siririn ruwa da yake tsartowa ta baya, shi masu jirgi ke kira fitsari, shi ne shaidar cewa ruwan sanyaya inji yana zagayawa. In babu shi ko yana ɗiga da ƙyar a kashe nan take. Wani lokacin leda ce ko ciyawa ta toshe ramukan shan ruwa da ke ƙasa kusa da farfela, wani lokacin kuma robar famfon ruwan ce ta cinye, kuma a injin hannu ita nake fara zargi, don yashi na cin ta, sannan yaran nan suna da ɗabi'ar tayar da inji a tudu wai gwaji, alhali 'yan daƙiƙu kaɗan ba ruwa sun isa su ƙone ta. Robar ba tsada gare ta ba, injin da za ta kashe ne mai tsada.

Awon mai kuwa, irin waɗannan injina da ake gauraya wa baƙin mai da fetur yawancinsu kashi ɗaya cikin 50 ne, wato mililita 20 a kowace lita, tanki mai lita 25 rabin lita kenan. Sabon inji ko wanda aka yi wa gyaran ciki akan ninka masa a sa'o'in farko. Ku duba abin da aka rubuta a jikin naku ku bi shi, kuma a nemi man da aka yi don injin jirgi, za ku ga an rubuta TC-W3 a galan ɗin, ba ragowar na janareta ba. A auna da kwalba, a daina zubawa da ido. Duk sati a cire farfela a duba bayanta, zaren fatsa da guntun kalli suna naɗewa a wurin su yanke robar da ke tare man giya, in kun ga man giyan ya yi fari ruwa ya shiga.

Yanzu bari in tsaya kan abin da ba ku tambaya ba. Jirgin da injinsa ke mutuwa a tsakiyar dam bai kamata ya ɗauki abokai ba sai an gyara shi. Kuma ko an gyara, kada ya bar gaɓa babu filafili biyu, da robar kwarfar ruwa, da fulogi na ajiya da sifanarsa, da igiya, da tocila, da rigar ruwa ta kowane mutum, a jiki ba a ƙarƙashin benci ba. Igiyar nan ja ta kashe inji matuƙi ya ɗaura ta a hannu, don in ya faɗa ruwa jirgin ya tsaya. Na san za a ce ai mun iya ruwa. Iya ruwa a gaɓa daban, iya ruwa da babbar riga da takalmi a tsakiyar Challawa ga iska daban. Mutanen Bagwai ba su manta ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, da jirgi ya kife a dam ɗin Watari ɗauke da ɗaliban Islamiyya daga Badau za su Mauludi, sama da mutum ashirin suka rasu, yawancinsu yara, kuma lodi ne ya yi wa jirgin yawa. Allah ya jiƙansu.

Da bazara in ruwa ya ja baya a rage gudu, kututturan itatuwan da dam ya cinye suna matsowa kusa da sama. Farkon damina kuwa in hadari ya haɗo daga gabas a naɗe zare a nufi gaɓa mafi kusa, ba sai wadda aka ajiye mota ba.

Tambaya: Malam ni uwa ce daga Gwammaja. Yarona ɗan shekara 12 kullum suna tafiya fatsa kududdufi da wajen Jakara, yana kawo kifi wai in soya. Kwanan nan kuma yace yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, kakarsa tace wai girma ne.

Amsa: Hajiya, ki gaida Kaka da kyau amma ba girma ba ne. Alamar tsargiya ce, ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu sosai, ta huda fatar mai wanka ko mai tsayawa a ciki. Ki kai shi asibiti a gwada fitsarin, maganinta praziquantel ne kuma da nauyin yaro ake auna shi, don haka ba na saye a kemis da ka ba ne. In aka bar ta shekara da shekaru tana lalata mafitsara. Abokan tafiyarsa ma a gaya wa iyayensu.

Kifin kuma kada ki soya. Jakara ita ke kwashe ruwan kwatamin birni, rafin Getsi ya kawo mata na masana'antun Bompai, duk su zube a dam ɗin Wasai. Irin gubar ƙarfe da ke taruwa a jikin kifin irin wannan ruwa suya ba ta kashe ta. In yaron yana son fatsa kada a kashe masa sha'awa, babansa ko kawunsa ya riƙa kai shi ruwa mai kyau, ya tsaya a tudu.

Tambaya: Wai da gaske haramun ne a doka zuba Gamalin a ruwa? A garinmu wasu na yi kuma suna cika buhu.

Amsa: Da gaske ne. Dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci uku, in ban da wasu 'yan keɓaɓɓu na ƙananan kifi. Gamalin maganin ƙwari ne, yana kashe uwa da ƙwai da 'ya'ya, wanda ya saya ya ci kuma ya kwasa. Haka masu jan gidan sauro a gaɓa, daidai inda karfasa ke haƙa gurbi uwar ta riƙe ƙwanta a baki. Masu cika buhun nan su ne baɗi za su fi kowa kukan ruwa ya mutu. Ka kai maganar wajen Sarkin Ruwa da mai gari, kada ka tare su kai kaɗai.

Sai saƙon murya da wani dattijo masunci daga Wudil ya turo, ba tambaya ba ce shawara ce. Ya ce a gaya wa yara masu fatsa in sun kama ƙurungu su karya ƙayoyinsa uku kafin su jefa shi a buhu, in kuma suka ga kifi mai taushi marar ƙaya a baya mai ɗigo-ɗigo kada su damƙa, minjirya ce za ta ja su. Ya ce mai neman tsage ya sa 'yar waya tsakanin zare da ƙugiya don haƙoransa na datse roba. Baba mun gode, duk haka ne. Inda kawai zan roƙi afuwa shi ne da kuka ce in ƙaya ta soki mutum ya goga majinar kifin a wurin. A wanke da sabulu, a tsoma a ruwa mai zafin da hannu zai iya jurewa, zugin zai sauka, in ya kumbura ko guntun ƙaya ya karye a ciki a je asibiti a duba har da allurar tetanus.

Tambaya: Daga Tiga kafin in iso gida Naibawa kifina ya fara wari. Ya zanyi?

Amsa: Leda ce ke cutarka. Ka sayi ƙanƙara tun daga Kano ka zuba a kula, kifin da ka kama ka farke cikinsa a can bakin ruwa ka cire hanji da jan abin nan na cikin kunnensa, ka wanke, ka jera ƙanƙara ƙasa kifi sama ƙanƙara kuma a kai. Tarwaɗa ba ta buƙatar wannan, tana shaƙar iska, ka sa ta a jarka da aka yanke wa baki da ruwa kaɗan ka rufa mata buhu jiƙaƙƙe, da ranta za ta iso Naibawa.