Gilashi ɗaya a jakar matafiyi: wane zum ya dace da mai kuɗi kaɗan?

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suke: mutum yana da kyamara, yana da tafiya a gaba, yana neman gilashin kyamara (lens) mai zum, wato mai jawo abin da ke nesa kusa, aljihu kuma ba nauyi. Na zaɓi guda huɗu, na taƙaita su.

Daga wani malamin makaranta a Zariya: "Ina da Canon 600D da ɗan gilashin da ta zo da shi, 18-55. Bana ina so in je kallon hawan Sallah a Kano, in an yi hutu kuma in kai iyali Yankari. Wani mai shago ya nuna mini Tamron 18-400, ya ce in na saye shi na gama sayen gilashi har abada. Kuɗinsa zai cinye duk abin da na tara, har da ciko. In saya?"

Malam, mai shagon bai yi maka ƙarya ba, amma bai gama faɗa maka gaskiya ba. Gilashin nan ya fito a 2017, kuma lalle yana jawo nesa kusa ninki ashirin da biyu. Lambobin 18-400 tsawon gilashin ne da milimita: ƙaramar lamba tana ɗaukar faɗi, babba tana jawo nesa. A kan kyamararka mai ƙaramar sensa (farantin da hoto ke sauka a kai a cikin kyamara), kowace lamba sai ka ninka ta da 1.6, wato 400 ɗin nan daidai yake da 640 a babbar kyamara. A takarda abin sha'awa ne. A hannu kuwa, da sauran magana.

Ka duba lambobin da ke biye da sunansa: f/3.5-6.3. Wannan shi ne faɗin ƙofar da haske ke shiga, kuma idan lambar ta ƙaru ƙofar tsukewa take yi. Da ka miƙe zum ɗin zuwa ƙarshe, hasken da ke isa ga sensa bai kai kashi ɗaya cikin uku na wanda yake shiga a 18 ba. A daidai wurin kuma rawar hannu ta fi fitowa. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza tsawon gilashin, don haka a 640 kana bukatar kamar 1/640 na daƙiƙa. Na'urar hana girgiza da ke cikinsa za ta rage maka wannan, amma hannunka kaɗai take riƙewa, ba ta riƙe doki. Mahayin da ya sako a guje zai yi jahi a ƙofar fada yana bukatar 1/1000 ko kusa da haka. Hawan Daushe kuma da yamma ake yinsa, rana tana sauka, ƙura ta tashi. Sai ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, ita kuma 600D kyamarar 2011 ce, da ta wuce 1600 hoto ya fara yin tsakuwa-tsakuwa.

Yankari ma ba 400 ne zai cece ka ba. Da rani ake zuwa, lokacin da ciyawa ta bushe namun daji suna gangarowa kogin Gaji. Idan rana ta take, iskar da ke tsakaninka da dabbar da ke can nesa rawa take yi saboda zafi, in da hazo kuma sai abin ya haɗu biyu. Babu gilashin da ke gyara wannan, komai tsadarsa. Hotunan da za ka dawo da su ka riƙa nunawa su ne na yara a ruwan Wikki, da na gwaggon birin da ya zo satar burodi a gaban masauki, kuma duk waɗannan ba su fi ƙarfin 135 ba.

Kafin ka kashe ko sisi, ga aikin da zan ba ka, tunda kai ma kana ba ɗalibai aikin gida. Buɗe hotunanka ɗari na baya a kwamfuta. Kowane hoto yana ɗauke da bayanin tsawon da aka ɗauke shi. Ƙirga nawa ne a 18, nawa ne a tsakiya, nawa ne suka tokare a 55. Idan mafi yawa a 55 suke, kuma har kana yanke su don su matso, to lalle tsawo kake nema. Idan a 18 suka taru, ba nesa ce matsalarka ba, kuma mai shagon yana shirin sayar maka da maganin ciwon da ba shi kake yi ba.

Da ni ne, na hannu zan nema: Canon EF-S 18-135 IS STM, wanda ya fito a 2012, ko ƙanensa mai USM na 2016 idan farashin bai yi nisa ba (IS hana girgiza ne, STM da USM kuma nau'in injin saita hoto). Na farkon giram 480 ne, shi kuwa 18-400 ya haura giram 700. Bambancin ba ya nuna kansa a shago, sai ka wuni da shi a wuya daga Ƙofar Kudu zuwa Kurmi. Daga 18 zuwa 135 ka samu faɗin fili, ka samu fuskar mai algaita, ka samu adon doki daga tsallaken titi. Akwai kuma hanya mafi araha: ka bar 18-55 ɗinka yadda yake, ka ƙara EF-S 55-250 IS STM. Giram 375 ne kawai, kuma a ganina yana cikin gilasan da suka fi kuɗinsu kyau a duk abin da Canon ta yi wa ƙananan kyamarori. Aibinsa ɗaya, sai kana cirewa kana sakawa. Na taɓa yin haka a tsakiyar hawa cikin hunturu, na juya wa iska baya ina ganin na yi dabara. Da na koma gida, duk hoton da sama ta fito a ciki yana da ɗigo uku a wuri ɗaya. Kwana biyu na yi ina goge su ɗaya bayan ɗaya.

Canjin da ya rage kada ka mayar da shi aljihu gaba ɗaya. Ka sayi EF 50mm f/1.8 STM. Ba ya zum, ƙafarka ce zum ɗinsa, amma hasken da yake sha ya kusa ninki goma na f/5.6. Shi zai yi maka aiki bayan magariba, da cikin ɗaki, da hoton uwargida wanda bayanta zai narke ita ta fito fes.

Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi: "Nikon D3200 gare ni. Ina zuwa Damagaram da Agadas wajen dangi, ina son ɗaukar gine-gine da mutane. Na ga 70-300 mai rubutun AF-P da araha sosai. Ko ya yi?"

Hajiya, ajiye shi. Ba don ba shi da kyau ba, sai don ba ya aiki da kyamararki. Gilasan AF-P suna da wani sabon injin saita hoto da D3200 da D3100 ba su san yarensa ba. Zai ɗauru lafiya lau, ki zaci an dace, amma ba zai saita ba, ko da hannu kika murɗa, domin zoben nasa ma da lantarki yake aiki. Akwai tarko na biyu a ɗaya ɓangaren: tsofaffin gilasan Nikon masu AF ko AF-D suna dogara da injin da ke jikin kyamara, jerin D3000 da D5000 kuwa ba su da shi. Waɗannan za su ɗauki hoto, amma da hannu za ki riƙa saitawa. Rubutun da za ki nema shi ne AF-S.

Ko da ma yana aiki, 70-300 ba na aikinki ba ne. Lungunan tsohon garin Agadas da na unguwar Birni a Damagaram matsattsu ne, ba inda za ki ja da baya. Hasumiyar babban masallacin Agadas ta kai mita 27, kuma da gilashin da ya fara daga 70 sai dai ki samo tsakiyarta da 'yan itatuwan da suka fito daga jikinta. Faɗi kike bukata kafin tsawo. AF-S DX 18-140 VR na 2013 shi ne zaɓina (VR shi ne hana girgiza a Nikon). A Nikon da 1.5 ake ninkawa, don haka kin samu daga 27 zuwa 210. Idan kuɗi bai kai ba, 18-105 VR na 2008 yana nan da yawa a kasuwar na hannu kuma hotonsa ba laifi, sai dai bakinsa da ke shiga kyamara na roba ne, na 18-140 kuwa ƙarfe. Kada ki ɗaga kyamara ta jikin gilashin, kada kuma ki bar yara su yi wasa da ita. D3200 tana da megafiksel 24, in abu ya yi nisa ki ɗauka ki yanke daga baya, akwai rara.

Mutane kuwa, sallama da neman izini sun fi kowane dogon gilashi. Tsohuwar da kika gaisa da ita kika ɗauke ta a 35 ta fi wadda kika sato daga nesa a 300 kyau a hoto.

Daga wani ɗalibi a Sakkwato: "Kowa cewa yake in sayi na hannu. Ta yaya zan gane ba a cuce ni ba?"

Ɗan'uwa, na farko ba a cinikin biri a sama. Wanda ya ce ka turo kuɗi ya sa a mota, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa. Ka je da kyamararka, da batir a cike, da tocilan wayarka.

Cire murfi gaba da baya, ka haska ta wannan gefe ka leƙa ta wancan. Za ka ga 'yar ƙura, kada ta tsorata ka. Duk zum mai miƙewa yana shaƙar iska kamar zugazugi, kuma a ƙasarmu ba gilashin da ya shekara bai haɗiyi ƙura ba. Ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne zane mai kama da saƙar gizo-gizo ko saiwar ciyawa: fumfuna ce, tana yaɗuwa, in ta daɗe kuma tana cinye rufin da aka yi wa gilashin. Kayan da suka zauna a wuri mai laima, irin garuruwan bakin teku, sun fi kamuwa. Haka nan idan ka ga wani hazo-hazo a ciki kamar an hura masa numfashi, bar shi. Ƙarzuwa a gilashin gaba, in ƙarama ce, dalilin neman ragi ce kawai. Ta gilashin baya ita ce ke ɓata hoto.

Sai ka ɗaura. Saita a kan abu na kusa, sannan na nesa, a farkon zum da ƙarshensa, ka saurara ko injin yana kuka ko yana kai-komo. Kunna hana girgiza ka danna rabi, ya kamata ka ga hoton ya natsu a ido. Tsuke ƙofar haske zuwa f/16, ka ɗauka a wurare uku ko huɗu na zum ɗin. A Canon, in ta rubuto Err 01, kyamara da gilashi ba sa jin juna ke nan. Wani lokaci dattin maɓallan zinaren baya ne, a goge ya wuce, wani lokaci kuma siririyar wayar ciki ce ta fara tsinkewa, wannan kuwa sai an buɗe. In an goge ya sake yi, miƙa masa kayansa.

Gwaji na ƙarshe mutane ba su cika yi ba. Tsaya daidai gaban bangon bulo ko jaridar da aka manna, ka ɗauka da ƙofar a buɗe, ka faɗaɗa hoton ka duba kusurwa huɗu. Duka huɗun za su ɗan fi tsakiya laushi, wannan halin zum ne. Amma idan gefe ɗaya ya yi dishi-dishi ɗayan yana da kaifi, alama ce gilashin ya taɓa faɗuwa. Na taɓa sayen irinsa daga wani mutum mai daɗin baki, sai bayan wata guda na lura duk wanda ya tsaya a hagun hotona kamar bai warke daga zazzaɓi ba.

In ka saya, da damina kada ka rufe shi cikin jakar fata a ƙasan akwati. Samo robar abinci mai murfi, ka jefa 'yan ƙullin silika irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi. Da hunturu kuma ka hure ƙura da robar hura iska kafin ka sa ƙyalle, in ba haka ba da hannunka za ka kankare shi.

Daga wata ma'aikaciyar jinya a Kaduna: "Sony a6000 gare ni, zan je Alƙahira. Tsakanin Sony 18-135 da Sigma 18-50 f/2.8 wanne?"

Ranki ya daɗe, duk biyun ba na yarwa. Sigma ɗin na 2021 giram 290 ne, kuma ƙofarsa tana nan a 2.8 daga farko har ƙarshe, wato ninki huɗu na hasken f/5.6. A kasuwar Khan el-Khalili da dare, ko cikin masallacin Sultan Hasan, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba shi da hana girgiza, ita ma a6000 ba ta da shi a jikinta, don haka in kina bidiyo a tafe za ki ga rawa. Sony 18-135 na 2018 giram 325 ne, yana da hana girgiza, kuma shi zai jawo miki fuskar Abul Haul, gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, daga inda aka killace masu kallo a Giza. Idan yawancin yawonki da rana ne tare da ayari, ɗauki Sony. Idan ke mai fita bayan isha'i ce kina ɗaukar fitilu da masu shayi, ɗauki Sigma, ki jingina da bango lokacin dannawa. Ki kuma tafi da batir biyu ko uku, domin na a6000 ƙarami ne, ba ya kai mutum yamma.