Ƙaramar bindiga .410 da farautar gada

Kana tambaya ko .410 ɗinka za ta iya kada gada in ka sa harsashi mai dunƙulen dalma guda, kuma ko ka riƙa cika kwanson da kanka. Za ta iya ɗan uwa, amma sai kusa, kar ka wuce mita 40 haka, don dalmar nan ba ta wuce gram 6 zuwa 7 ba, ita ko babbar bindiga mai lamba 12 dalmarta gram 28 ce, in ka harba daga nesa rauni kawai za ka yi ma dabba ta shige daji ta mutu can, wanga kuma haƙƙi ne.

Cika kwanso kam ni ban ba ka shawara ba. Bakin .410 siriri ne, ƙari kaɗan na albarushi shina ɗaga matsin wuta sosai, 'yan Amurka da kake gani suna yi da sikeli da littafin awo suke aiki. Mafarautanmu nan Sakkwato da ido suke aunawa kamar bindigar toka, shi ya sa bakin bindiga ke tsagewa a hannun mutum. Sayi na kamfani, kuma lasisinka ya zan da rai.