Re: Tarin duwatsun nan na kan tsaunukan Ingila, kaburbura ne?

Ɗan'uwa ka tambaya ko tarin duwatsun da ka gani a hotunan tsaunukan Ingila alamar hanya ce ko kabari. Duka biyun akwai fa. Ƙananan, masu yawon hawan dutse ne ke tara su don kar a ɓata cikin hazo, amma manyan nan masu faɗi da suka zauna daram a kan tudu da yawansu kaburbura ne tun zamanin tagulla, wajen shekara 4,000 ke nan.

A Dartmoor da ke kudu maso yammacin Ingila akwai su birjik. Sai a kafa falalen duwatsu huɗu kamar akwati, a sa gawa a dunƙule ko ƙashinta in an ƙona, a rufe da wani falalen, sannan a jibga duwatsu a kai.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne akwatin da aka tono a tudun Whitehorse Hill da ke can Dartmoor ɗin a 2011, ƙonannen ƙashi aka samu naɗe cikin fatar dabbar beya, ga kwando, ga duwatsun wuya sama da 200 har da na kuza, ga 'yan kunne na itace, duk ba su ruɓe ba saboda baƙar lakar wurin kullum a jiƙe take iska ba ta shiga. Yawanci kam fanko ake tarar da irin waɗannan akwatunan, masu neman dukiya sun riga sun kwashe tuntuni.

Mu ma nan kusa, a yankin Ayar na Nijar, akwai tsofaffin kaburbura na tsibin duwatsu irin haka.