Tambaya da Amsa: Ina Mujallun Wasanni Suka Shige?

Tambaya daga Gusau: Assalamu alaikum. Malam, a da in wata ya kama sai ka ga samari sun yi cincirindo a teburin mai jarida suna jiran Complete Football, masu hali kuma su nemi Shoot. Yau ko ɗaya babu. Waya ce kaɗai ta kashe su?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Waya ta yi nata ɓarnar, amma ta tarar da kasuwar ta riga ta fara rauni. Lokacin da marigayi Sunny Obazu-Ojeagbase ya fito da Complete Football a Legas a 1985, abu uku mujalla ke sayarwa: sakamako da teburin gasa, hoto mai launi, da dogon labarin ɗan wasa. Wanda ya ji a rediyo cewa Emmanuel Amuneke ya ci Zambiya ƙwallo biyu a wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka a Tunisiya 1994, sai ya jira makonni kafin hoton ya zo hannunsa, ya ciro na tsakiya ya manna a bangon shago. Wannan jiran shi ne jarin mujalla.

Gidajen kallo suka fara ɗauke hoton, domin wanda ya ga ƙwallon da idonsa daren Asabar ba ya ɗokin ganinta a takarda bayan wata guda. Layukan salula suka shigo a 2001, daga baya manyan wayoyi suka ɗauke sakamako da tebur. Dogon labari kaɗai ya rage, shi kuma ba ya ɗaukar nauyin bugu.

Sai tsadar takarda. Masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku a Akwa Ibom ta tsaya tun shekarun 1990, saboda haka takarda da tawada da farantin bugu duk da dala ake shigo da su. Duk faɗuwar da naira ta yi, a kan farashin mujalla take sauka. Ga kuma nisa: daga Legas zuwa Kaduna, Zariya, Funtuwa, Tsafe, sannan Gusau, kowane zango da kuɗin mota da rabon dillali. Abin da bai saidu ba kuwa kwantai ne, a wuyan kamfani yake komawa. Masu talla suka bi jama'a zuwa talabijin da intanet, sai ƙafa ta ƙarshe ta karye. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Shoot ta daina fitowa mako-mako a Ingila a 2008, mujallar ESPN ta Amurka ta rufe bugun takarda a 2019.

Abin da ya fi mana ciwo shi ne rashin ma'ajiya. Mujalla tana ajiye sunan wanda ya buga, da minti nawa aka ci, da wanda ya yi alƙalanci. Shafin Facebook kuwa ranar da mai shi ya rasa lambarsa, duk abin da ke ciki ya tafi.

Tambaya daga Ƙaura Namoda: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar buhu biyu na mujallun ƙwallo, daga na gasar cin kofin duniya ta Amurka 1994 har na Olamfik ta Atlanta 1996. Wasu sun yi ja, gara ta taɓa wasu. Yaya za mu adana su?

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Hajiya, ku fitar da su daga buhun nan yau, domin buhu a ƙasa gayyatar gara ce.

A shimfiɗa tabarma a inuwa inda iska ke kaɗawa, ba a rana ba, a rarraba su kashi uku: lafiyayyu, waɗanda gara ko kyankyaso ya ci, da masu funfuna ko warin damshi. Kada kashi na uku ya sake haɗuwa da sauran, funfuna tana yaɗuwa. A bar su su bushe sarai, sannan a rufe hanci a share funfunar da burushi mai laushi a tsakar gida. Kada ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma ya taɓa su.

Jan da kika gani daga jikin takardar yake. Takarda mai araha tana ɗauke da wani sinadarin itace da ake kira lignin, wanda haske da zafi ke sa shi ya yi ja, takardar ta yi ƙarfi ta riƙa karyewa. Ba ya komawa fari, sai dai a rage masa gudu da duhu da sanyi. Shi ya sa saman silin da ɗakin kwano mai zafi ba wurin ajiya ba ne.

Ki duba 'yan ƙarafunan da aka ɗinke tsakiyar mujallar da su. In sun yi tsatsa, tsatsar na cin takardar har shafin tsakiya ya fita, kuma nan ne babban hoton yake. A ɗaga bakinsu da tsinin wuƙa a hankali daga ciki, a zare daga baya, a ɗinke da zare fari ta ramukan da suka bari. Inda ya yage, kada a sa salatif: gam ɗinsa yana narkewa ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Lamineshin ma a bar shi, domin da zafi ake yi kuma ba a iya warwarewa.

Wurin ajiya: akwatin ƙarfe mai murfi, a ɗora shi a kan bulo ko benci kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, kada ya jingina da bango. A kwantar da mujallun, kada a tsayar da su, kuma tari ɗaya kada ya wuce ashirin, a juya gindin kowace biyar zuwa ɗaya gefen don kada tarin ya karkace. A saka farar takarda tsakanin bangon wata mujalla da na wata, saboda masu sheƙi suna mannewa da juna. A jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse damshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Kafur yana korar ƙwari, amma a ƙulle shi a tsumma a kusurwa, kada ya taɓa takarda, kuma a nisanta shi daga yara. Leda ɗaurarriya a watan Agusta tarkon damshi ce. A buɗe akwatin a duba kafin damina, a sake dubawa in ta wuce.

In ruwa ya taɓa mujalla mai sheƙi, a raba shafukan tun tana jiƙe, a saka farar takarda tsakani ana canzawa, a kunna fanka. In ta bushe a manne, ja da ƙarfi zai ɗebe hoton.

A ƙarshe a ɗauki hotonsu. In akwai sikana, a saita ta a 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto. In waya ce, a bakin taga da hantsi, ba filasha, wayar na kallon shafin daga sama tsaf. Kowace fitowa a haɗa ta PDF ɗaya, a sa mata suna da sunan mujalla da shekara da wata. A ajiye a wuri uku: waya, memori, da asusun intanet. A fara da waɗanda gara ta ci.

Tambaya daga Tsafe: Akwai waɗanda har yanzu ake bugawa?

Amsa: Akwai. World Soccer, wadda ta fara a 1960, da FourFourTwo ta 1994 suna fitowa a Ingila. France Football, mai bayar da kyautar Ballon d'Or tun 1956, ta koma wata-wata a 2021. Samunsu a nan sai ta hannun matafiyi ko biyan kuɗin karantawa a waya.

Tambaya daga Talata Mafara: Malam, mu matasa ne, muna son fitar da ƙaramar mujallar wasanni da Hausa. Akwai hanya, ko mu haƙura?

Amsa: Akwai hanya, samari, matuƙar ba za ku yi tsere da waya ba. Labarin Arsenal da Madrid ya riga ku isa aljihun mai karatu. Abin da ba shi da shi: cikakken sakamakon kofin unguwanni, tarihin Zamfara United daga bakin waɗanda suka buga mata, wanda ya yi kisa a dambe bayan girbi, kokawa, langa, da hoton yaron unguwa da sunansa a rubuce daidai. Wanda hotonsa ya fito zai saya, danginsa ma za su saya.

Ku yi lissafi kafin ku je maɗaba'a. Shafuka suna tafiya huɗu-huɗu ne, domin takardar A3 ɗaya in an naɗe ta tana ba da shafi 4 na A4. Mujalla mai shafi 16 takarda 4 ke nan: bango ɗaya, ciki uku. Kwafi 500 zai ci takardar ciki 1,500, wato rim 3, da bango 500, ku ƙara kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da inji zai ɓata. Ciki takarda mai nauyin giram 70 ko 80 ta isa, don mai giram 60 tana nuna rubutun baya. Bango ku sa mai sheƙi giram 150.

Launi shi ne ke cin kuɗi. A injin da ke ɗaukar A3, kowace fuska mai launi faranti 4 take buƙata, wato fallen da ake ɗaura wa inji ya buga shafin. Launi gaba ɗaya faranti 32 ke nan, amma in bango kaɗai ke da launi ciki da waje, sauran baƙi da fari, 14 ne. Kuɗin faranti ba ya canzawa ko kwafi 100 kuka buga ko 1,000, saboda haka in ƙasa da ɗari biyu kuke so, ku tambayi farashin injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matse yake, zai fito a dushe, a karɓi na asali. Ku nemi a buga muku shafin gwaji ku duba ɓ, ɗ da ƙ, domin wasu haruffan kwamfuta suna mayar da su akwati.

Ku fara da sau huɗu a shekara, ku nemi lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla, a Laburaren Ƙasa, ku karɓi kuɗin talla daga 'yan kasuwar gari kafin bugu. Sayarwa kuma a bakin fili ranar wasa da ƙofar gidajen kallo, kuɗi hannu, ba bashi.