Amsa ga Yaya Hajiya kan katin zaɓe da masu sauya jinsi a Amurka

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya Hajiya, na ji tambayarki, wai da gaske ne a nan Amurka ana hana masu sauya jinsi jefa ƙuri'a saboda katinsu? Bari in amsa da murya, rubutu zai yi tsawo.

Babu dokar da ta ce kar su yi zaɓe, ko ɗaya. Takarda ce ke tare su. Kin ga a gida kati ɗaya ne na INEC, ka miƙa, BVAS ta duba yatsa ko fuska, shi ke nan. Nan kuwa kowace jiha da nata tsarin. A New York da Kalifoniya galibi sunanka kawai za ka faɗa, a duba rajista. Amma Jojiya, Indiyana, Wiskonsin, sai ka nuna kati mai hoto. Dokar Indiyana ma har Kotun Ƙoli aka kai ta, kotun ta amince da ita a 2008, daga nan wasu jihohin suka bi sahu.

Mu nan Texas takardu bakwai ake karɓa. Akwai lasin tuƙi, fasfo, katin soja, takardar zama ɗan ƙasa mai hoto, har lasin riƙe bindiga. Katin ɗalibi kuwa ba a karɓa, ku ji fa.

To yanzu ki ɗauka mutum ya zo gaban tebur. Ma'aikaciyar zaɓe abu biyu take dubawa: sunan da ke kati ya yi daidai da na rajista? Hoton nan, mai shi ne a tsaye? Harafin nan na namiji ko mace ba ya cikin aikinta. Amma idan hoton na shekara shida da suka wuce ne, mutum ya sauya kama, sunan kati daban, wanda ake kiransa da shi daban, sai ta tsaya tana kallon kati tana kallonsa, ta kira shugabar rumfa, layi kuma ya yi tsit kowa ya zuba ido. Wani a nan zai juya ya tafi gida. Wanda ya daure, idan ba a yarda da katinsa ba, za a ba shi ƙuri'ar wucin gadi, wadda ba a ƙirgawa sai ya koma ofishin zaɓe da shaida. A Texas kwana 6 ake ba shi, a Jojiya kwana 3. Mai aikin awa-awa, wa zai ba shi hutun wannan zirga-zirga?

Za ki ce to ya gyara katin mana. Ai nan gizo ke saƙar. Sauya suna sai ta kotu, da kuɗin shigar da takarda, a Kalifoniya ya haura dala 400, wasu jihohin ma sai an buga a jarida. Alƙali ya sa hannu, ka kai ofishin Social Security, wato hukumar fansho ta gwamnatin tarayya, ka wuce ofishin lasin tuƙi, sannan ka sabunta rajistar zaɓe, wadda a nan ake rufewa kwana 30 kafin ranar. Mataki ɗaya ya makara, zaɓe ya wuce ka. Harafin jinsi kuwa, Kansas da Tenesi sun daina sauyawa a lasin tuƙi a 2023, Florida da Texas suka biyo baya a 2024. Fasfo ma, harafin X, na wanda bai zaɓi namiji ko mace ba, da aka buɗe wa kowa a 2022, Trump ya sa hannu a soke shi ranar 20 ga Janairu 2025. Cibiyar Williams ta jami'ar UCLA ta ƙiyasta cewa a zaɓen 2024 sama da mutum 200,000 daga cikin masu sauya jinsi ba su da katin da ya dace da sunansu ko jinsinsu.

Na san ra'ayin da yawanmu kan sauya jinsi, ba shi na zo tattaunawa ba, wannan sai malamai. Amma ɗan ƙasa da ya yi rajista, a ganina bai kamata ƙuri'arsa ta rataya a kan yadda wata ma'aikaciya ta ga fuskarsa ba.

Kuma Yaya, wannan ramin mu ma yana jiranmu. Mohammed a fasfo, Muhammad a lasin tuƙi. Matar da ta ɗauki sunan miji a wata takarda, wata kuma na mahaifinta ne. A Texas idan sunayen sun yi kusa sosai za a sa ka ka sa hannu cewa kai ne, ka wuce, amma ma'aikacin ne zai yanke ko sun yi kusa. Don haka duk wanda ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa a cikinmu, ya shiga shafin zaɓe na jiharsa tun yanzu ya kwatanta sunan harafi da harafi. Wanda ya ga bambanci ya yi min magana ta gefe in nuna masa fom ɗin. A gaida yara. Sai anjima.